Rundunar Ostiriya a Bahon Wanka

Milimita goma ce ta raba Ludwik Sroka da Zenon Pełka, bayan sun shafe fiye da shekara ashirin suna kashe wa juna sojoji kowace Alhamis ba tare da an ji kansu ba.

Ƙungiyarsu tana haɗuwa ne a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan al'adun unguwa, a Rubinkowo ta birnin Toruń a ƙasar Poland, tsakanin ɗakin masu koyon rawa da na tukunyar ɗumama gini. Magidanta ne, yawancinsu da furfura da tumbi. Sukan shimfiɗa koren bargo a kan tebur, su dasa bishiyoyin soso da gidajen kwali, su jera 'yan sojojin dalma da ba su kai gaɓar yatsa ba, sannan su sake gwabza yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon da tef ɗin awo da ƙwayoyin ludo. Ba a ɗaukar soja ɗai-ɗai. Manna su ake yi da gam a kan ƙananan allunan katako, a barbaɗa yashi da ciyawar roba a ƙafafunsu, allon kuma shi ake turawa gaba. Faɗin allon nan littafin dokokin wasa ne yake yanke shi. Bugu na biyu, mai koren bango, ya ce milimita arba'in. Bugu na uku, mai jan bango, wanda ya fito da kaka, ya ce hamsin.

Ludwik ma'aikacin ofishin safiyo ne, a kan tebur kuma shi ne Ostiriya. Ba zaɓinsa ba ne. Ya shiga ƙungiyar a makare, ya tarar an rabe Faransawa da mahayan Poland, ba abin da ya rage sai masu fararen riguna, waɗanda tarihi ya sani da nawa da shan kaye cikin ladabi. Ya karɓe su, ya yi musu fenti da hannunsa shekara da shekaru, har ya wayi gari ransa na ɓaci idan aka zagi janar ɗin da ƙasa ta cinye tun kafin a haifi kakan kakansa. Zenon kuwa mai kantin magani ne, Bafaranshe a kan tebur, mutum mai sanƙo da son sabon abu. A waje da wasan ba su da wata hulɗa ta a zo a gani. Ba sa zuwa bikin juna, ba sa tambayar lafiyar iyali sai a gurguje. Alhamis ce kawai, amma Ludwik ba shi da wata ranar da ta kai ta.

Ranar ƙuri'ar zaɓen bugun da ƙungiya za ta bi, Ludwik ya zo da littattafan biyu a jaka, kowanne ya kumbura da guntayen takardun da ya soke a shafuka. Remigiusz, shugaban ƙungiyar, mai aikin kwamfuta da bai cika arba'in ba, ya ba shi dama ya yi magana, nan take kuma ya yi nadama. Ludwik ya bi su babi-babi. Ya nuna cewa jan littafi ya soke dokar ruwan sama, wadda ke jiƙa albarushi ta hana bindiga tashi. Ya nuna cewa a koren littafi, idan janar ya ba da umarni sai ɗan aike ya hau doki ya kai, yana iya ɓata a hanya ko a harbe shi, amma a ja umarni yana isa nan da nan, sai ka ce waya janar ɗin ya buga. Maganar allo ya ajiye a ƙarshe don ita ce babba: duk wanda ya yarda da hamsin ya yarda ke nan ya ɓamɓare kowane soja da ya mallaka daga inda ya manna shi. Remigiusz ya buɗe baki zai ce wani abu a kan wannan, Ludwik ya ɗaga masa hannu ya ce bai gama ba. Mutane suka saurara da irin haƙurin da ake yi wa doguwar huɗuba a coci mai sanyi, sannan hannaye suka tashi, jan littafi ya ci. Na Zenon ne ya tashi a ƙarshe, a hankali, mai shi yana duban silin.

A bakin matakala Ludwik da Zenon suka haɗu, kowa da akwatinsa a hammata.

"Na gani, Mashal," in ji Ludwik. "An ƙara wa Faransawa gudu, dole hannu ya tashi."

"Lutek," in ji Zenon, don haka na kusa suke kiran Ludwik, "so nake in ga ƙarshen yaƙi ɗaya kafin in mutu. Ɗaya tak. Kullum mai gadi ne yake cin mu da yaƙi, shi ke kashe fitila."

"Yaƙin gaskiya ba ya duba agogon mai gadi."

"Yaƙin gaskiya ba a tsayar da shi a buɗe littafi don a san ko doki ya ji tsoro."

Ludwik ya ce to shi ke nan, ba zai sake taka matakalar nan ba sai ranar da koren littafi ya dawo kan tebur. Ya faɗa da ƙarfi don na ciki su ji. Zenon ya gyara hularsa ya ce, "A sauka lafiya, ranka ya daɗe," ya bar shi a tsaye.

Alhamis ta farko ya yi ta da girman kai, ta wuce. Ta biyu ce ta fara cizo. Ya dawo daga aiki, ya ci abinci, ya tarar da wani dogon yammaci a gabansa wanda bai san da shi ba a duniya. Ya zauna, ya tashi. Ya buɗe firiji ya rufe. Ya gyara ƙofar kabad da ba ta lalace ba, har ta lalace. Matarsa Lucyna, wadda ta saba yammacin Alhamis nata ne, ita da ƙanwarta da shayi da kek ɗin cuku da hirar da shi ne rabinta, ta dube shi kamar kujerar da aka kawo gidan bisa kuskure.

Sai ya koma ga littattafan. Ya shimfiɗa su gefe da gefe a teburin kicin, kore a hagu, ja a dama, ya riƙa bin su layi-layi da rula. Koren tsoho ne, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma, a gefen shafukansa akwai tabon shayi da rubutun fensir nasa da na Zenon, wani wurin ma zagi. Jan kuwa sai ƙyalli da hotuna, kalmomi kaɗan, sarari da yawa, irin littafin da ake yi wa mutanen da aka ɗauka ba su da lokaci. Abin da ya fi ci masa rai shi ne dokar igwa. Ya karanta ta sau da yawa yana neman inda ta yi kuskure, bai samu ba. Ta fi ta kore kyau, ta fi sauƙi, ta kuma fi kusa da abin da littattafan tarihi suka faɗa. Wannan bai gaya wa kowa ba.

Abin da ya gaya wa kowa shi ne sauran. Ya rubuta doguwar maƙala yana gwada bugun biyu, da lambobin shafi da misalai, ya saka a dandalin ƙungiyar na intanet. Remigiusz ya amsa da cewa ana godiya ƙwarai ga Pan Ludwik, wato Malam Ludwik, bisa wannan ƙoƙari, za a duba. Wani ya tambayi ko akwai wanda ya tsinci laimarsa. Zenon bai ce uffan ba.

Ludwik ya fara fita yawo. Ya ce wa Lucyna likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki, ita kuma ba ta tambayi wane likita ba. Ƙafarsa takan kai shi titin da kantin Zenon yake, ya bi ta ɗaya tsallaken, ya hango sanƙon yana ƙyalli a bayan kanta, ya wuce har bakin kogi, ya tsaya yana kallon ruwa kamar an aike shi ya ƙirga shi, ya juyo ta hanyar da ya bi. A taragon cikin gari yakan sami kansa yana shirya jawabin da zai yi ranar da suka zo ba shi haƙuri. Jawabin ya yi kyau. Ya yafe musu a cikinsa, amma ba da wuri ba.

Ba wanda ya zo. Abin da ya zo hoto ne, a dandalin nan dai. Zenon a gefen teburinsu, teburin da ke kusa da bututun ɗumi, yana dariya har da riƙe ciki, a ɗaya gefen kuma, a inda Ludwik ya saba tsayawa, wani dogo mai gemu da rundunar Rasha. Likitan haƙori ne daga Bydgoszcz, sabon shiga. A ƙasan hoton Remigiusz ya sanar cewa bayan sabuwar shekara za a fara dogon yaƙi da zai kai su bazara, kowa da abokin karawarsa guda, kuma Alhamis mai zuwa za a haɗa mutane biyu-biyu. Sharaɗi ɗaya ne: a zo da runduna a kan faɗin jan littafi.

Ludwik ya san Zenon. Yana son sabon abu, amma idan ya saba da mutum ya saba ke nan. Da haka shi ma ya same shi: wata Alhamis ce kawai babu kowa sai su biyu. Idan mai gemun nan ya tsaya a wurin har bazara, zai tsaya har a binne ɗayansu.

Bai yi shawara da kowa ba, don babu wanda zai yi shawarar da shi sai mutumin da ba ya yi wa magana. Ya sa aka yanko masa sababbin alluna masu faɗin hamsin, cike da leda. Nufinsa ya sauka matakalar nan ranar Alhamis da runduna sabuwa fil, ya jera ta ba tare da ya ce komai ba, kamar dama can tafiya ya yi. A ransa wannan ba miƙa wuya ba ne, dabarar yaƙi ce.

Yadda ake raba soja da allo sananne ne ga duk ɗan wasa. Farin gam ba ya jure ruwan ɗumi. A zuba ruwa a faranti, a tsayar da allon a ciki har ya rufe ƙafafu, a jira, gam ya saki, a zare mutum da hantsaki. Ranar Asabar da safe, da Lucyna ta tafi kasuwa da ƙanwarta, ya kwaso farantan gasa kek ɗinta ya fara, kowace runduna da farantinta. Aikin ya yi kyau, sai dai ba ya sauri. Ya dubi faranti uku da ke kan tebur, ya dubi akwatunan da ke jibge har saman kabad, ya tuna Alhamis. Ya zaga kicin, ya leƙa taga, ya taɓa wani soja da bai saki ba tukuna. Da ya shiga banɗaki wanke hannu sai idonsa ya faɗa kan bahon wanka.

Ya jera su a busasshen baho, runduna bayan runduna, da tazara a tsakani, sojan ƙasa a tsakiya, mahaya a gefe, igwa a baya. Bai taɓa ganin dukansu a fili lokaci ɗaya ba, tebur bai taɓa ɗaukarsu ba. Ya daɗe a durƙushe yana kallo. Sannan ya toshe magudana, ya saki ruwan ɗumi a hankali ta gefe, ya koma kicin ya ci gaba da karatun jan littafi, tunda dai yanzu dole ya iya shi.

Da ya dawo ruwan ya zama kunu. Yashi da ciyawar roba da gam sun narke sun haɗe. Allunan sun saki, sun taso sama suna yawo, a tsakaninsu kuma ƙananan takardu na shawagi, tawadarsu ta zube. Takardun nan su ne sunayen rundunonin, waɗanda yake mannawa a ƙarƙashin kowane allo. Bai damu sosai ba, don ya san inda ya ajiye kowa. Ya kwashe allunan, ya kifa matacin shayi a kan magudana don kada wani ya bi ruwa, ya zare toshiya. Ruwa ya janye ya bar mutanensa kwance cikin laka. Yana tsoron kada gam ya sake bushewa a jikin fenti, sai ya ɗauko kan shawa ya buɗe.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna gangarar ƙasa ya manta cewa baho ma a gangare aka yi shi. Ruwan ya kwashi na sama ya tura kan na tsakiya, na tsakiya suka mirgina kan na ƙasa. Ya sa hannu zai tare, ya ƙara cakuɗa su. Kafin ya lalubo famfo ya rufe, daular Ostiriya gaba ɗaya ta taru a gindin matacin shayi, tsibi guda.

Sojojin ƙasa na Ostiriya duk farar riga ce da su. Abin da ke raba wannan runduna da waccan launin kwala ne da bakin hannu, kuma wanda ya tsara launukan nan a zamanin da, da alama yana da lokaci da mugunta. Akwai koren aku, akwai koren tuffa, akwai koren ciyawa, akwai koren teku. Akwai jan ƙaguwa, akwai jan da ya ɗan fi shi duhu, akwai wanda ya ɗan fi wannan. A kan mutumin da bai kai gaɓar yatsa ba, kwala ɗigo ce. Ludwik ya yi ɗigon nan ne da idon saurayi, fenti kuma ya sha hannu ya koɗe. Ya kwashe su a tawul, ya baje a teburin kicin, ya sa tabarau, ya ɗora gilashin ƙara girma a kan tabarau. Kore dai kore ne. Ya ware guda goma, ya sake dubawa, ya mayar da su.

A haka Lucyna ta same shi. Ta ajiye jakar kasuwa, ta dubi farantanta, ta leƙa banɗaki, ta daɗe a can. Da ta fito ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan tsoratar da shi.

"Lutek, kira shi."

Ya ce ba ya buƙatar kowa, haske ne kawai bai isa ba.

"Kira shi, ko ni in kira matarsa. Ka san idan na kira ta, kafin gobe har mai gadin ya ji."

Ya ɗauki wayar ya fita baranda ya rufo ƙofa. Ya daɗe yana kallon lambar, sanyi na cin kunnensa.

"Zenek. Kana da hantsaki mai kyau a kantin nan naka?"

Daga ɗaya gefen Zenon ya ce, "Me ka aikata?"

"Ba abin da na aikata. Hantsaki na tambaya."

"Mutum nawa suka mutu?"

"Duka."

Zenon ya iso da yamma bayan ya rufe kanti, da akwatinsa a hammata, don ba ya zuwa ko'ina da ya shafi yaƙi ba tare da shi ba. Bai taɓa shiga gidan ba. Ya gaida Lucyna da ladabi, ya cire takalmi, ya tsaya a bakin kicin. Da ya ga tsibin da ke kan tawul sai ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Shekara ashirin ina ƙoƙarin yi musu haka," in ji shi. "Kai ka gama a safiya ɗaya."

Ludwik ya ba da labari a taƙaice, yana kallon bango. Ya ɗora laifin a kan milimita hamsin, da kan waɗanda suka ɗaga hannu. Zenon ya saurara, fuskarsa na sauyawa a hankali. Ya buɗe akwatinsa, ya ɗauko allo ɗaya na Faransawa ya ajiye a gaban Ludwik.

Tsohon allo ne, mai faɗin arba'in, da yashinsa da ciyawarsa, ba abin da ya taɓa shi. A ƙarƙashinsa an liƙa wani siririn kwali da aka shafa wa koren fenti, ya ɗan fito ta hagu da dama. Zenon ya sa farce ya ɓalle shi, ya juya. A bayan kwalin akwai rabin hoton takalmi.

Duk ƙungiyar haka ta yi, in ji shi, tun Alhamis ta farko bayan ƙuri'a. Remigiusz ya zo da kwalayen takalma da almakashi, aka zauna aka yanka ana shan shayi. Ba wanda ya ɓamɓare soja ko ɗaya. Abin da yaron nan ya so ya faɗa ke nan ranar, aka ɗaga masa hannu.

Ludwik ya jawo jan littafi ya buɗe babin alluna, duk da ya haddace shi. "Wannan ba ya cikin littafi."

"Littafi cewa ya yi faɗi hamsin. Bai ce a yi musu wanka ba."

"Da ka gaya mini."

"Ta yaya? Kullum ina hango ka a tsallaken titi kana wucewa kamar ɗan sandan ciki. Na ɗauka wata rana za ka tsallako."

Jini ya hau wa Ludwik ka. Ya ce wasa da kwalin takalmi ba wasa ba ne, ha'inci ne, kuma ya dace da mutanen da suka sayar da dokar ruwan sama don su koma gida da wuri. Ya ce Zenon ya je ya ji daɗi da mai cire haƙoransa. Ya sake fita baranda ya bugo ƙofa. A can ya tsaya ba riga mai kauri, yana jiran ya ji ƙarar ƙofar gida, yana kuma jin cewa idan ya ji ta shi ke nan. Ya ƙirga motocin da ke ƙasa, ya rasa lissafi, ya sake farawa. Ƙofar ba ta yi ƙara ba.

Da sanyi ya koro shi ciki, ya tarar Zenon ya zauna a kujerarsa, ya naɗe hannun riga, Lucyna ta ajiye masa shayi da lemun tsami. Ya riga ya yi ƙananan tsibi huɗu.

"Waɗannan na hagunka ne," in ji shi ba tare da ya ɗago ba. "Masu arcewa da zarar sun ji ƙamshin doki."

"Ba sa arcewa. Ja da baya suke yi. Ya aka yi ka san su?"

"Kai ƙeyarsu kake gani, ranka ya daɗe. Ni nake kallon fuskarsu."

Ludwik ya ja kujera. Ashe haka ne, bai taɓa tunani ba: shi a bayansu yake tsayawa, jakunkunan bayansu ya sani. Zenon ya nuna masa wata runduna da fuskokinta suka yi ja kamar dafaffen tsiran alade, ya ce shekarar da ya sayi mugun fenti ce. Ya nuna wata da ɗamararta duk ta karkace, Ludwik ya tuna shekarar da aka haifi 'yarsa ce, ba ya samun barci. Akwai masu lanƙwasasshiyar wuƙar bindiga, waɗanda akwatinsu ya taɓa faɗowa a matakala. Amma ba duka Zenon ya sani ba, kuma Ludwik ya lura inda bai sani ba ya fi faɗa da ƙarfi. Suka yi gardama a kan wani makaɗin ganga, ko koren aku ne ko na tuffa, har aka kira Lucyna ta raba, ta duba ta ce shuɗi ne. Aka buɗe tsibi na musamman don marasa asali. Shi ya fi saurin girma.

Can Ludwik ya tambaya, yana duban hantsakinsa, ko yaya likitan haƙorin yake wasa.

Zenon ya ce mutumin kirki ne. Ya iya jan littafi, ba ya musu, idan an ci shi ya miƙa hannu ya ce an yi wasa mai kyau, ya kama jirgin ƙasa ya koma garinsu. "Na ga ƙarshen yaƙi, Lutek. Sau uku. Na fito gari bai ma yi shiru ba, na rasa inda zan sa kaina." Ya juya wani soja a tafinsa. "Amma ya tambaye ni maganar bazara, ban ce masa a'a ba. Idan ranar Alhamis babu Ostiriya a kan tebur, ba ni da bakin da zan ce masa a'a."

Ludwik ya dubi tsibin, ya dubi ledar sababbin alluna. Mannawa, da jiran gam, da yashi, da fentin yashi, da ciyawa. Ko ya ɗauki hutu a ofis, hannu biyu ba za su tsayar da abin da zai isa yaƙi ba kafin Alhamis. Zenon ma ya yi wannan lissafin, don ya riga ya fara waige-waige a kicin. Ya tambayi Lucyna ko tana da gwangwanin da ba ta so.

"Me za ka yi da shi?" in ji Ludwik, ko da yake ya sani.

"Rabi a wurinka, rabi a wurina. Ina da gam."

Tun da ya fara wasan nan ba hannun da ya taɓa manna masa soja sai nasa. Ya ga aikin Zenon: Faransawansa a karkace suke tsayawa kamar masu fitowa daga mashaya, wasu ma suna fuskantar juna, ciyawarsu kuma kore ce shar irin ta filin ƙwallo. Ya tashi, ya je taga, ya dawo. Ya ɗauki koren littafi ya ajiye. Ya ce zai yi tunani. Zenon ya ce ya yi, amma bas ɗinsa ba ta tunani.

Lucyna ta kawo gwangwanin biskit ta ajiye a tsakaninsu. Ludwik ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya shimfiɗa auduga a ciki, ya fara sakawa da kansa, kowane tsibi a ledarsa, yana bayani. Hafsa a dama, mai tuta a tsakiya. Gam kaɗan, ba a yi masa ambaliya. Ciyawa zai ba shi tasa, kada ya kuskura ya sa waccan. Zenon yana ta cewa to, to, da muryar wanda ba ya saurara. Masu jan fuska suka shiga, masu karkatacciyar ɗamara suka shiga. Marasa asali Ludwik ya riƙe, ya ce waɗannan sai an yi bincike.

Ya raka shi har bakin ƙofa, bai saki gwangwanin ba sai da Zenon ya ɗan ja. Da ƙofa ta rufu ya koma kicin, ya zauna, ya tashi, ya fita baranda. Can ƙasa sanƙon ya fito daga ginin, hula a hannu ɗaya, akwatin Faransawa a hammata, rabin Ostiriya a ɗaya hammatar, yana tafiya da sauri yana kaɗa su.

Ludwik ya leƙa ta kan ƙarfe har Lucyna ta riƙo masa riga ta baya.

"Zenek! Kada ka girgiza su! Kuma duk gaba za su kalla, ka ji ko? Gaba!"

Zenon bai waiwayo ba. Ya ɗaga hular sama, ya sha kwana wajen tashar bas.